Ɗalibaina Suna Dariyar Turancina, Shugabar Makaranta Ta Ba Ni Wa'adi

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce, shekaruna 28, ina koyar da 'yan aji uku a wata makarantar kuɗi a gefen Abuja. A Jigawa na tashi, a can na yi karatu har digiri, aure ne ya kawo ni nan. Rubutun Turanci bai taɓa ba ni wahala ba, da kiredit na ci shi a WAEC, amma da na buɗe baki sai a samu matsala. Rannan na ce wa yara su buɗe "page fifty-five", sai ajin ya kwashe da dariya, wai "fage pipty-pipe" na ce. Wallahi ni a kunnena daidai na faɗa. Tun daga ranar suke kirana Anti Pipty a bayan idona. Wata uwa ta kawo ƙara cewa ɗanta ya fara cewa "fiful" maimakon "people". Shugabar makaranta ta kira ni, ta ce tana yaba aikina, amma ko in gyara kafin ƙarshen zango ko a ba wata malama ajin. Ta haɗa ni da wani mai koyar da iya lafazi, kuɗinsa ya kusa rabin albashina. Na je sau ɗaya, na ga so yake in riƙa magana ta hanci kamar Baturiya. Maigidana ya ce raini ne kawai ake yi wa 'yan Arewa, in ajiye musu aikinsu. Ni kuwa ina son koyarwa, muna kuma buƙatar albashin. Yanzu ko a taron malamai ba na iya cewa uffan. Anti, harshen babba yana gyaruwa kuwa? In biya kuɗin, ko in bi maganar maigida?

Malama H., Abuja

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da haƙuri. Dariyar yara tana da zafi fiye da yadda mutane suke zato, don yaro ba ya saya magana, kuma malami a gaban allo ba shi da wurin ɓuya. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne shirun nan da kika koma yi a taron malamai, domin macen da ta yi digiri, shugabarta kuma take yaba aikinta, bai kamata sauti biyu ko uku su rufe mata baki ba. Bari in ba ki amsa tun daga farko don hankalinki ya kwanta. Harshen babba yana gyaruwa a kan irin abin da ke damunki. Kada ki ajiye aikin yanzu, kuma kada ki miƙa rabin albashinki ga mutumin nan sai kin ji abin da zan faɗa miki.

Da kika ce a kunnenki daidai kika faɗa, gaskiya kika faɗa, kuma a nan tushen matsalar yake. Hausa sauti ɗaya take da shi a wurin da Turanci yake da biyu. Abin da muke rubutawa da harafin f a Hausa, yawancinmu da leɓɓa biyu muke furta shi, kamar mai hura shayi. A bakin wani ya fito kusa da p, a bakin Basakkwace ko mutumin Nijar ya koma hw, ki ji ya ce "hwari" inda Bakano zai ce "fari". Duk wanda aka faɗa, ma'ana ba ta canzawa, saboda haka tun muna goye ƙwaƙwalwarmu ta koyi cewa bambancin ba shi da amfani, ta daina kula shi. Dubi kalmomin da muka aro: famfo, fetur, fenti, fasinja, firamare, farfesa. Duk da p suka zo, Hausa ta mayar da su f. Haka v da ba mu da ita ta koma b a direba, talabijin, baranda da shebur. Shi kuwa "pipty" yana da wani ƙarin dalili. Mutum ya san ana yi masa dariya a kan p, sai fargaba ta sa ya riƙa cusa ta har inda ba wurinta ba.

Kowane harshe haka yake yi wa masu shi. Baturen da ya zo koyon Hausa yakan daɗe bai ji bambancin "kafa" da "ƙafa" ba, ko "bari" da "ɓari", balle "kuka" na itace da "kuka" na hawaye, waɗanda karin sauti kawai ya raba. Larabawa ba su da p, sai su mayar da ita b. Japanawa suna fama da r da l. Abokan aikinki na Kudu ma kowa da nasa, wani yana zubar da h a farkon kalma, wani yana haɗa s da sh. Ban faɗa miki wannan don ki rama da shi ba, na faɗa ne don ki cire wa ranki cewa wani aibi ne a bakinki ko ƙarancin ilimi.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe da kyau. In dai kin zauna gaban malamin Islamiyya kin koyi tajwidi, to kin riga kin yi ilimin furuci, sunansa ne kawai ya bambanta. Tuna makhrajin harafin fa'un: cikin leɓen ƙasa tare da gefen haƙoran gaba na sama. Wannan ita ce f ta Turanci, babu ragi babu ƙari. Duk sanda kika furta sunan "al-Fatiha" da kyau, ko kika zo "fi dinillahi afwaja" a Suratun Nasr, kina furta sautin da ke farkon "fifty" da "five". Sautin nan da Turawa suke rubutawa th, wanda Bahaushe ke mayarwa s ko z, shi ma kina da shi kashi biyunsa. Na cikin "think" da "three" shi ne harafin farko na "thumma", na cikin "this" da "mother" kuma shi ne na farkon "dhalika", duka biyun bakin harshe ne a gefen haƙoran sama. Malaman Larabci irin su Khalil ɗan Ahmad da ɗalibinsa Sibawaihi sun tsara haruffa bisa mafitarsu, daga maƙogwaro zuwa leɓe, tun ƙarni na 8, ƙarnuka da dama kafin malaman harsuna su kafa ƙungiyar ilimin furuci ta duniya a Paris a 1886. Yarinyar da aka tsayar da ita sai ta raba sinun da sadun, ta raba kafun da ƙafun, ba za a ce mata ba ta iya raba p da f ba. Aikinki shi ne ki ɗauko abin da bakinki yake yi a kan sallaya ki kai shi aji.

Da zarar f ta zauna, v ta zo da sauƙi. Ki bar haƙori a kan leɓe yadda yake, ki ɗora yatsu biyu a maƙogwaronki, ki ja f mai tsawo, sannan ki saki murya a cikinta. Za ki ji maƙogwaron yana ziza ƙarƙashin yatsunki, wannan ita ce v. Ita p ce take buƙatar sabon koyo, don babu ita a Larabci. Ki tsaya gaban madubi, ki rufe leɓɓanki ruf kamar za ki ce b, haƙori kada ya leƙo ko kaɗan. Ki tara iska a bayansu, ki sake ta gaba ɗaya ba tare da murya ba. Ki yago 'yar takarda marar nauyi ki riƙe ta gaban bakinki. In kin ce "pen" daidai takardar za ta yi tsalle sau ɗaya, in kin ce "Ben" da ƙyar za ta motsa, in kuma f ta kutso za ki ga ta kwanta a hankali tana karkarwa muddin iskar na fita. Wannan 'yar iskar da ke biyo bayan p, t da k a farkon gaɓa mai ƙarfi tana da muhimmanci a Turanci, da ita mai saurare yake raba "pin" da "bin". Madubin zai nuna miki abin da kunne bai fara ji ba tukuna: in kin ga haƙori, f ce, in leɓɓa sun haɗu, p ce.

Amma kunne ne kan gaba, kada ki tsallake shi. Binciken da aka yi da Japanawa manya a kan r da l ya nuna cewa sauraron kalmomi masu kama da juna daga bakin mutane daban-daban yana gyara ji, kuma gyaran jin yana taimaka wa furucin kansa. Ki rubuta kalmomi bibbiyu waɗanda sauti ɗaya ya raba su: "pan" da "fan", "pull" da "full", "pile" da "file", "copy" da "coffee", "ban" da "van", "berry" da "very", "boat" da "vote". Ƙamusun Cambridge da na Oxford da ke intanet kyauta ne, kowace kalma akwai maɓallin da za ki danna ki ji ta da lafazin Ingila da na Amurka. Ki sa wani ya riƙa danna ɗaya daga cikin biyun ba tare da kin ga wayar ba, ke kuma ki faɗi wadda kika ji. Sai kin daina kuskure a nan za ki koma naɗar muryarki a waya kina kwatantawa. Minti goma zuwa sha biyar kullum bayan asuba ya fi awa uku ranar Asabar, domin sabo ake nema, shi kuwa sabo maimaici yake so.

Daga nan ki bar kalmomin littafi ki koma naki na aji. Malamar aji uku kalmomin da take maimaitawa ba su da yawa: "page", "paper", "pencil", "open", "people", "pupils", "please", "four", "five", "fifty", "seven", "eleven". Kowane dare ki duba darasin gobe, ki ja layi ja ƙarƙashin kowace p, shuɗi ƙarƙashin kowace f da v, ki karanta da ƙarfi a hankali. Kalmomin da suka haɗa sautukan biyu, irin su "perfect", "prefer", "helpful" da "proof", ki ajiye su sai ƙarshe, su ne masu taurin kai. Kuma ki sani tun yanzu, za ki fara iya su a gaban madubi tun kafin su zauna a bakinki lokacin da yaro ya ɓata miki rai kina magana da sauri. Haka abin yake tafiya ga kowa, kada ranar da ta kuɓuce miki ta sa ki ce aikin banza kike yi.

Ba kowane bambanci ne ya cancanci wahalarki ba. Wata masaniyar harshe a Ingila, Jennifer Jenkins, ta yi nazarin hirar mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, ta fitar da sakamakon a 2000, tana neman gano waɗanne kurakurai ne suke hana fahimta da gaske. Ta ga cewa musanya yawancin baƙaƙe yana rikita mai saurare, haka rashin raba dogon wasali da gajere, haka kuma danna murya, wato ƙarfafa ta, a kan kalmar da ba ita ba a cikin jimla. Amma th ba ta cikin masu hana ruwa gudu. Mutanen Landan da yawa "fink" suke cewa, a Ailan za ki ji t da d, Faransawa da Jamusawa kuma s da z suke yi kamar mu, kuma ana gane su. Ke tunda yara kike koyarwa, kuma tajwidi ya riga ya ba ki ita, ki gyara ta, amma bayan p, f da v. Haka cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa "bread" ya zama burodi, "brake" ya zama birki. Turanci kuwa yana jera uku a farko kamar "street" da "spring", har huɗu a ƙarshe kamar "texts". Jenkins ta lura cewa cusa ɗan wasali a tsakani, irin yadda muke yi, bai kai zubar da baƙin ɓarna ba. To wannan ma ya jira layinsa.

A wajen wasula kina da jari, wataƙila ba a taɓa gaya miki ba. Turancin Ingila da ake koyarwa a makarantunmu yana da sautuka wajen 44, baƙaƙe 24 da wasula 20, alhali haruffan rubutunsa 26 ne kacal. Hausa wasula biyar take da su, amma kowanne akwai dogo da gajere, ga kuma ai da au. Wannan sabon da muka yi da ja da taƙaitawa shi ya sa Bahaushe yakan raba "ship" da "sheep", ko "full" da "fool", cikin sauƙi fiye da masu harsunan da ba su da wannan tsarin. Farfesa Munzali Jibril, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982 a kan bambance-bambancen furucin Turancin Nijeriya, yana cikin waɗanda suka nuna cewa Turancin Bahaushe da na mutanen Kudu kowanne da tsarinsa, kuma a fannin wasula na Bahaushe mai ilimi ya fi kusa da na Ingila. Inda za ki sa ido shi ne irin "cap" da "cup", da "heart" da "hurt", da "walk" da "work".

Akwai kuma abin da ya fi sautuka ɗaiɗai tasiri a kunnen mai saurare, wato kiɗan maganar. Mu a Hausa kowace gaɓa muna ba ta haƙƙinta, muna hawa muna sauka da karin sauti. Turanci gaɓa ɗaya yake dannawa a kalma, sauran ya murƙushe su, wasalinsu ya koma wani ɗan gajeren sauti marar ƙarfi, mai kama da gajeren a ɗinmu in an faɗe shi a kasalance. Shi ne wasalin da ya fi kowanne yawa a harshen, shi ne a farkon "about" da ƙarshen "teacher". Saurari "photograph", "photography" da "photographic" a ƙamus, za ki ji dannin yana ƙaura daga gaɓa ta farko zuwa ta biyu zuwa ta uku. "Present" in an danna farkonta kyauta ce, in an danna ƙarshenta gabatarwa ce. Duk sabuwar kalmar da za ki koya wa yara, ki duba inda danninta yake kafin ki shiga aji, ki tafa hannu a kan gaɓar, su ma su tafa. Yara suna son wannan, ke ma kina koyo a fakaice.

Kada kiredit ɗinki na WAEC ya ba ki mamaki. Takardar da ake kira gwajin furuci a jarrabawar tambayoyi 60 ne na zaɓi, a takarda ake amsa su, babu wanda ke buɗe baki. Mun haddace alamomin sauti da ido, yawancinmu kuma daga bakin malaman da su ma ba a taɓa saurarar nasu ba. Ga shi rubutun Turanci mayaudari ne. An fara buga littattafai a Ingila a 1476, lokacin da furucin wasulan harshen yake tsakiyar wani babban sauyi, sai rubutu ya daskare, baki kuma ya ci gaba da tafiya. Shi ya sa "though", "through", "cough" da "rough" suke kama a ido, kowacce da nata furucin, shi ya sa ba a furta b a "plumber" da "debt", ba a furta t a "listen". Ko ed ɗin da ke nuna abin da ya wuce kala uku ne: t a "walked", d a "played", gaɓa cikakkiya a "wanted". Mu da muka saba da Hausa, wadda kusan yadda aka rubuta haka ake karantawa, dole mu daina yarda da ido.

Game da mai koyar da lafazin, ina da ra'ayi mai ƙarfi. Magana ta hanci ba ta cikin Turancin Ingila, kwaikwayo ne marar kyau da ya yaɗu a wasu makarantun kuɗi, yana sa yara su riƙa tauna kalmomi har iyayensu ba sa gane su. Lafazin da ake kira na Sarauniya ma 'yan kaɗan ne ƙwarai suke yin sa a Birtaniyar kanta. Mutumin Glasgow, na Liverpool da na Newcastle kowa da nasa. Ko jarrabawar IELTS da ake yi don fita waje, abin da take aunawa a furuci shi ne a gane ka ba tare da wahala ba. Ki nemi jawabin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960 ki saurara. Mutumin Bauchi ne, ya yi Kwalejin Katsina inda aka ba koyar da furuci muhimmanci, har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Za ki ji kowane baƙi a wurinsa, kowace jimla a natse, babu hanci a ciki, kuma ba za ki ɗauke shi ɗan Landan ba. In kina son malami, ga ma'auni: wanda zai saurare ki tukuna, ya gaya miki takamaiman sautukan da za ku yi aiki a kansu, ya nuna miki inda harshe da leɓe suke zama. Ɗalibin da ya karanta Turanci ko kimiyyar harshe a jami'a, musamman wanda ya san Hausa, zai iya yi miki wannan a zama kaɗan da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Shugabarki da uwar da ta kawo ƙara, ina roƙonki kada ki ɗauke su abokan gaba. Yaron aji uku daga bakin malamarsa yake ɗaukar sauti, kuma uwar da take biyan kuɗin makaranta tana da haƙƙin damuwa in ɗanta ya fara haɗa p da f. Shugabar kuma ta fara da yabo, ta ba ki lokaci, ba ta kore ki ba. Inda ta gaza shi ne ta ce ki gyara ba ta faɗi me za a gyara ba. Ki nemi ganinta ke kaɗai, ki je da takarda ɗaya a hannu. Ki ce mata kin gano sautuka uku ne matsalar, ga tsarin da kike bi, kina roƙon ta shigo ajinki bayan wata ɗaya, ta sake shigowa kafin hutu, ta auna ki a kan waɗannan. Ki tambaye ta kai tsaye ko zuwa wurin mutumin nan sharaɗi ne ko shawara, in kuma sharaɗi ne, ko makaranta za ta ɗauki wani kaso na kuɗin, tunda horon ma'aikaci ne. Kafin nan, a darasin koyar da sautuka ki riƙa kunna wa yara murya daga waya ko rediyo ku maimaita tare, ko ku yi musanya da wata malama, ta karɓar miki wannan darasin ke ki karɓar mata lissafi. Da haka an toshe damuwar uwar tun yau. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma shugaba takan sassauta wa ma'aikacin da ya zo mata da mafita.

Yaran kuwa, su ne mafi sauƙi. Kada ki hukunta su a kan sunan, kada kuma ki yi kamar ba ki sani ba. Wata rana ki rubuta "ƙafa", "ɗaki" da "tsuntsu" a allo, ki ce waɗanda ba Hausawa ba su gwada. Za su kasa, za a yi dariya mai daɗi. Sai ki gaya musu kowane harshe da sautukansa, ke kina koyon p, su kuma za su koyi ƙ, kuma a ajinki ba a yi wa kowa dariya don yana koyo. Ki ba su izinin ɗaga yatsa cikin ladabi in p ɗinki ta zame. Yaron da aka ba aikin taimakon malamarsa ba ya jin daɗin tsokanarta kuma. Na tabbata a ajin nan akwai yaro ko yarinya da ake yi wa irin wannan dariyar a filin wasa, dokar za ta rufa masa asiri shi ma.

Maigidanki bai yi ƙarya ba. Ana raina lafazin 'yan Arewa, masu barkwanci sun mayar da shi abin neman abinci, kuma akwai wuraren da ake auna hankalin mutum da yadda ya furta p. Kishinki ne ya sa shi magana, ciwo yake ji a ce ana dariyar matarsa. Ki fara gode masa a kan haka. Sannan ki nuna masa cewa in kin ajiye aikin, rainin yana nan inda yake, albashi ya tafi, tsoron buɗe baki kuma zai bi ki duk makarantar da kika koma. Ki roƙe shi ya ba ki zangon nan kawai, ki kuma sa shi cikin aikin, shi zai riƙa danna miki kalmomin a waya da daddare kina cankar wadda kika ji. Ki yi masa alkawari kuma ki cika: in abin ya wuce gyaran furuci ya koma cin mutunci, a riƙa yi miki gori da asalinki ko a wulaƙanta ki gaban yara, za ki gaya masa, ku yanke shawara tare.

In kuwa kin yi duk wannan, p da f sun zauna, amma shugabar ta nace sai kin yi magana ta hanci, to makarantar tana sayar da wani abu ne daban da wanda kike da shi. Ki roƙi a mayar da ke darasin lissafi ko kimiyya a manyan azuzuwa, ko ki fara neman wata makarantar tun kina kan aikin, ki karɓi takardar shaida mai kyau tunda ta ce tana yaba miki. A taron malamai na gaba kuma, ki shirya jimla biyu tun daga gida a kan wani abu da ya shafi ajinki, ki duba p da f ɗinsu, ki ɗaga hannu ki faɗe su a hankali. Ki rubuto mini bayan hutu in ji yadda kuka ƙare da shugabar. Allah ya ba da sa'a, ki gaida maigidan.